Rawar Masar a ɗakin Kaka

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

An gama yankan gero, maza sun koma kan wake da gyaɗa, mu kuma mun ɗan samu sarari tsakanin la'asar da magariba. A wannan ɗan tsakanin muka fara koyon rawar Masar yau, wadda aka fi sani da rawar ciki, su Misirawa kuma suke ce mata raƙs sharƙi. Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya, saboda ƙawayena na cikin Daura sun sa mini ido. Sun ce in muka kai azumi ba a watse mu ba, su za su biya kuɗin lallen sallata.

Suna da dalili. Ƙauyen da nake aure yana arewa da Daura, in ka ɗauki hanyar Kwangwalam ka ratse cikin yashi. Gari ne da har gobe mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta kiran ɗanta na fari da sunan yanka, ba ta cin abinci a gaban surukarta. Mai jego kuwa wankan ganye safe da yamma har arba'in, ba fashi. Ni a birni na taso, aure da aikin koyarwa a firamare suka kawo ni.

Malamarmu faccalata ce, matar ƙanin maigidana. Ta yi shekara shida a Alƙahira lokacin da mijinta ke karatu a Azhar, suna zaune a Hayyul Ashir, unguwar da ɗaliban Afirka suka yi yawa. Tun da ta dawo sunanta ya ɓace, kowa 'Yar Masar yake ce mata. Ba makarantar rawa ta shiga ba. 'Ya'yan matar da ta ba su haya ne suka koya mata, a falo, da daren lallen ƙawayensu, da ranakun da ake rufe ƙofa a saki kiɗa don nishaɗi kawai.

Abin da ya kai ni biyu ne. Tun haihuwata ta uku bayana bai koma daidai ba, in na daɗe tsaye gaban allo sai ƙuguna ya riƙe. Na biyu kuwa, rawar tana burge ni, ba sai na yi wa kowa kwana-kwana ba.

Mu biyar ne, duk matan aure, a ɗakin 'Yar Masar, tsakanin gado da kabad ɗin kwanuka. Yau ko rawa ba a yi ba, tsayuwa aka koya. Ƙafafu daidai faɗin ƙugu, gwiwa a sake kada a ƙame ta, a ɗan ja mara ciki, a ɗaga ƙirji, a sauke kafaɗa. Tana sakin kiɗa muka duƙa gaba ɗaya, kowa ta tura baya ta kama bakin gyale, yadda muka tashi muka ga ana yi a gidan biki. Ta kashe sifika tana dariya.

"Yaya, miƙe. Wannan a miƙe ake yin ta. Duƙawar nan ki ajiye wa kalangu."

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun shiga ƙugu. Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne aikin ba a ciki yake ba, a gwiwa da cinya yake. In ka miƙe gwiwar dama ka saki ta hagu, ƙugun dama ya hau da kansa. Ka sauya, na hagu ya hau. Ƙirji da kai kuma su tsaya cak, ba ruwansu da abin da ke faruwa a ƙasa. Nan wuyar take. Jikinmu ya saba in ƙugu ya motsa kafaɗa ta bi shi, hannu ma ya bi. Ita kuma so take kowace gaɓa ta yi aikinta ita kaɗai.

Ta sa kowa ta ɗaura gyale a ƙugu, can ƙasa kan ƙashi, a bisa doguwar riga, don ta ga inda motsin ke fita. Ta ce haka matan Masar ke yi a gidajensu: jallabiya da ɗan mayafi a ƙugu, shi ke nan. Kayan ƙyalƙyalin nan da ke barin ciki a waje na dandamali ne da fina-finai, ita ba ta taɓa ganin matar gida ta sa su ba.

Kiɗan farko da muka haddace sunansa maƙsum. Da baki ake fara koyonsa: dum, tak, tak, dum, tak. Dum shi ne dukan tsakiyar ganga, mai nauyi, a kansa ake sauke ƙugu. Tak na bakin ganga ne, siriri. Gangar tasu darbuka ce, mai siffar turmi ƙarami da ake kwantarwa a cinya, a Masar tabla suke ce mata. Na wuni ina dum-tak a aji har wani yaro ɗan aji uku ya tambaye ni ko sabon karatu ne.

Mun yi doka ɗaya: ba a ɗaga waya a ɗakin.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau Inna, mahaifiyar maigida, ta ɗaga labule tana neman aron rariya. Ta same mu jere, hannuwa a sama, gyale a ƙugu. Ɗakin ya yi tsit, sai darbuka ke ta kiɗa ita kaɗai. Ni da 'Yar Masar muka durƙushe a inda muke, kai a ƙasa. Inna ba ta ce uffan ba, ta saki labule ta juya, rariyar ma ba ta ɗauka ba.

Da daddare saƙo ya iso, ta bakin Kaka, wato mahaifiyar baban maigida. Inna ba za ta taɓa yi mana maganar da bakinta ba, wannan ma zubar da girma ne. Kaka ta shigo da sandarta ta zauna bakin gadona.

"Ke kishiya, an ce kin buɗe gidan rawa."

"Uwargida ranki ya daɗe, motsa jiki ne."

"Motsa jiki a ɗakin da ya haɗa bango da zaure? Maza na karatu suna jin tim-tim? Kuma a gidan da surukarku ke shiga da fita? Ku ba ku da kunya, ita tana da ita."

Sai da ta gama yi mini tas sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Inna ba ta ce a daina ba. Ta ce ne kada a sake sa ta ganin abin da bai kamata ido nata ya gani ba. Kaka kuma ta ce mu koma sashenta, can ƙuryar gida bayan rumbuna, inda ba namijin da ke wucewa sai jikokin da take kora da sanda.

Na kwana ina juya maganar. A birni da za a ce rawa, tambayar farko ita ce ya halatta ko bai halatta ba. A nan tambayar ita ce a gaban wa. Gaban suruka ba a yi, gaban kaka ana yi, don tsakaninka da ita wasa ne, mijinka ma mijinta take ce masa. Gaban yayar miji da sauƙi-sauƙi, gaban ƙanwarsa kuwa har a yi gasa. Tsari ne da aka shimfiɗa tun kafin a haife mu, mu ne muka zo da sabon abu muka ajiye shi a inda ba wurinsa ba ne a tsarin.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Magana ta kai masallaci, kamar yadda kowa ya san za ta kai. Liman ya tsayar da maigida da ƙaninsa bayan isha'i. Ba faɗa ya yi ba, tambaya ya yi. Abin da suka dawo mana da shi: mata zalla, ƙofa a rufe, sutura cikakkiya, kada a kai magariba, kada wadda mijinta bai sani ba ta shiga. Ya kawo hadisin Nana A'isha da 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar idi. Malamar Islamiyyarmu ta matan aure ta fi shi tsauri, ita matsalarta kiɗan da ke cikin sifika, mai goge da sarewa da muryar namiji. Ta ce malamai sun yi saɓani a kai, ita tana tare da masu hanawa. 'Yar Masar ta ce to a bar ganga zalla, dama ita ce ke koyar da ƙafa. Aka rabu a haka, ba wadda ta gamsu ɗari bisa ɗari.

Ustazu, mijin 'Yar Masar, ya zauna a ƙofar madafi yana tsokanata, wai matar Yaya za ta zama tauraruwa. Daga tsokana ya zarce da tarihi, ya ce kada mu ɗauka a Masar an gama wannan gardama. A da can suna da mata iri biyu masu wannan sana'a. Akwai awalim, mawaƙa masu ilmin waƙa da kiɗa, da ake gayyata cikin gida su yi wa mata wasa, maza sai dai su ji murya daga bayan shamaki. Akwai kuma gawazi, masu rawa a titi da dandali a gaban kowa. A 1834 Muhammad Ali Basha ya hana rawar mata a bainar jama'a a Alƙahira, gawazi da yawa suka gangara kudu, yankin Sa'id. Rawar da duniya ta sani yanzu, mai kayan ƙyalƙyali da yawo a faɗin dandamali, daga baya ta zo. Wata 'yar ƙasar Sham, Badi'a Masabni, ta buɗe gidan wasa a Alƙahira a 1926, a wurinta Tahiyya Kariyoka da Samiya Jamal suka fito kafin fina-finai su kai sunansu ko'ina. Sai a 1959 Mahmud Rida da Farida Fahmi suka kafa ƙungiyar da ta ɗauko raye-rayen karkara ta hau da su dandamali cikin sutura, yadda magidanci zai iya kai iyalinsa kallo. Har yau, in ji shi, mai rawa a otal ko gidan biki sai da lasisi, kuma iyalin da za su biya kuɗi a kawo ta bikinsu ba za su yarda 'yarsu ta zama ita ba.

Kaka na gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "To mi ye sabo a nan? Mu ma zabiya kowa na son ta zo bikinsa, ba mai son ta fito daga ɗakinsa."

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Muna rawa da rigar sanyi, ƙafa duk kaushi. Mun fara karkarwa, wadda gwiwoyi ke sauyawa da sauri har naman ƙugu ya riƙa rawa da kansa. Tawa ba ta daɗewa, cinya ke ɗaukar zafi sai in ƙame. Sifika ta mutu a tsakiyar darasi, hazo ya hana solar mai cajin garin tara wuta. Mun ƙarasa da tafi.

Asabar, 28 ga Disamba

Sifika ta sake mutuwa, kuma ina jin ba za mu ƙara nemanta ba.

Muna cikin tafi Kaka ta yi tsaki, ta aiki wata jikarta ƙarƙashin gado. Aka jawo wani tsohon buhu. Ƙore ne a ciki, guda huɗu, sun yi baƙi sun yi santsi, ɗaya an ɗinke tsagarta da zare. Ta sa aka cika babbar da ruwa, ta kifa ƙarama a kai tana yawo. Sauran biyun ta kife su a kan tsumma a gabanta. Ta karɓi 'yan sanduna biyu, ta gyara zama, ta miƙe ƙafa.

"'Yar Masar, faɗi abin naku da baki in ji."

"Dum, dum, tak, dum, tak. Sunansa baladi, Kaka."

Ta saurara ta gyaɗa kai. Ta daki ƙwaryar ruwa, wani sauti mai zurfi ya fito, har a ƙirji na ji shi. Shi ne dum. Ta ƙwanƙwasa busasshiyar, tak. Kafin mu gama mamaki ta kama baladi ɗas, da hannun da ke rawa in za ta ɗauki kofin shayi amma bai yi rawa a kan ƙwarya ba. 'Yar Masar ta tsaya sororo, sannan ta ɗaga hannu ta shiga.

Ashe Kaka ta yi kiɗan amada da ƙuruciyarta. Ba ta yi yawon biki gari-gari ba, amma duk suna da bikin da aka yi a garin nan da ƙauyukan kewaye, ita da ƙawayenta uku ke kwana kan ƙore. Ƙawayen duk sun rasu. Ta ce da ta ji rasuwar Barmani Choge a rediyo, a 2013, ta ɗaure buhun ta tura ƙarƙashin gado, don a lokacin ma an daina kiransu, an koma kaset, daga kaset aka koma DJ. Ba a taɓa gaya mini ba, shekara tara ina gidan.

Matsala ɗaya: hannunta ba ya zama a kiɗan Masar. Ta yi kamar minti biyu a baladi, sai ya zame ya koma gida, ya ƙara gudu ya ɗauki rangajin amada. Mu kuma da jin haka sai jiki ya tuna, mu duƙa. 'Yar Masar na ihu "Ku miƙe!", Kaka na ihu "Ku duƙa, 'yan banza, haka ake yi!" Mun yi dariya har wata ta zauna a ƙasa.

Ita ce kuma ta warware mini karkarwa. Ta dube ni ina ta fama, na cije leɓe, ta ce, "Kishiya, tankaɗe ake yi, ke kuma sussuka kike." Na rage ƙarfi, na ƙanƙanta motsin, na bar gwiwa ta yi abinta. Sai ga shi ta zauna. Ta ce da a zamaninsu ne da jigida za ta gaya mini gaskiya, don mai jigida in ta yi daidai ana ji, in ta yi gardama ma ana ji.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ba darasi yau, kuma ban san ranar da za a koma ba.

Wata yarinya, ƙanwar ɗaya daga cikinmu da ta zo hutu daga birni, ta zauna a lungu satin da ya wuce tana riƙe da jariri. Ashe waya na ƙarƙashin zanen goyon. Ta ɗauki 'yan daƙiƙu ta sa a status na WhatsApp. Bayanmu kawai ake gani, da ƙafar Kaka da ƙwarya. Amma a gari irin wannan an san zanen kowa. Kafin azahar ta washegari hoton ya kai teburin mai shayi.

An sa ta goge, ta yi kuka, yayarta ta zo har ɗakin Kaka ta durƙusa. Gogewar ba ta dawo da komai ba. Mijin ɗaya daga cikinmu ya ce ko ƙofar sashen Kaka kada ta sake takawa, kuma ban ga laifinsa sosai ba: abokansa sun ga matarsa. Ita ce ta fi mu duka iyawa, ita ce kuma ta fi mu buƙata, don ba ta zuwa ko'ina daga gida sai asibiti. Malamar Islamiyya ta karanto mana hadisin da ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallonta, ta ce to ina ga a ɗauko ta a sa masa a tafin hannu. Wannan karon ba wadda ta yi mata musu.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk tsarin da garin nan ya gina, na wa zai ga wa, katanga da zaure da labule da kunya, an gina shi ne don ido mai ƙafa, wanda sai ya tako ya zo. Ba a yi shi don waya ba. Yarinyar ma ba mugunta ta yi ba, a wurinta abin da ya burge ka ɗauka ake yi.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun koma, mu huɗu. Kaka ce ta je wurin Inna, Inna ta yi wa 'ya'yanta magana, su kuma suka je wurin liman. Yanzu akwai ƙwarya ta biyar a bakin ƙofa, duk mai shiga sai ta jefa wayarta ciki, a rufe da faifai, Kaka ta ɗora ƙafa a kai. Baƙuwa ba ta shiga sai Kaka ta san uwarta.

Sabon kiɗa: sa'idi, na kudancin Masar. Dum, tak, dum, dum, tak. Yana da nauyi, yana da taƙama, ana yin sa da sanda. Asalinsa wasan sanda ne na maza da ake kira tahtib, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da ake karewa a 2016. Mata suka ɗauki sandar suka mayar da ita abin wasa, suna kwaikwayon maza suna yi musu shaƙiyanci. Ana busa masa mizmar, da 'Yar Masar ta sa mana a waya kafin a kife ta, Kaka ta ce wannan ai algaita ce, ko a fadar Daura aka busa ta ba mai cewa baƙuwa ce. Sandunanmu karan dawa ne. Ba su da nauyi, in sun kuɓuce ba sa fasa kai, sai dai akuyar Kaka ta cinye biyu.

Bayana ya yi sauƙi. Ba zan ce rawa magani ce ba, na dai san yanzu ina kai tashin makaranta a tsaye ban nemi kujera ba, kuma na daina tsayawa da ciki a sake. Wata mai jego ta so shiga, ungozoma ta ce ta bari sai ta yi arba'in ta kuma je a duba ta, tunda aiki aka yi mata.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Sha'aban ne, ko'ina biki, kowa na son a kai amarya kafin azumi. Ƙanwar maigida na cikin waɗanda aka aurar, jiya aka sa ta a lalle.

Tun sati biyu ake ja-in-ja. 'Yan matan amarya sun so a ɗauko DJ daga Daura, a kafa sifika a ƙofar gida. Baba, mahaifin maigida, ya ce ba a ƙofarsa ba, ya ga yadda ake yi, samari da 'yan mata a cakuɗe, kowa waya a sama. Amarya ta yi fushi ta ƙi cin abinci. Kaka ce ta ce a bar mata daren lalle, ita za ta yi kiɗa, a cikin gida.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a sashenta, aka rataye fitila mai caji a reshen darbejiya. Mata sun fi arba'in. Ƙwarya ba ta isa ba, sai da aka kawo daro aka tara wayoyi, wasu na ƙunƙuni. Kaka ta samu 'yan amshi biyu cikin tsofaffin garin, suka fara da nasu. Tsofaffin da na saba gani suna jan ƙafa zuwa rijiya suka tashi suka duƙa, suka yi abin da ya sa 'yan matan birni rufe baki. Waƙoƙin ma ba na yara ba ne, habaici ne da zancen aure tsirara, irin wanda ba a faɗi sai inda ba namiji.

Can Kaka ta sauya hannu. Dum, dum, tak. Ta ɗaga murya: "Ina kishiyoyina? A fito a nuna abin da aka koya."

Inna na zaune a gaba, kusa da amarya. Ni da 'Yar Masar muka dubi juna, ba wadda ta motsa. Sai Inna ta miƙe a hankali ta gyara mayafi, ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfin da kowa zai ji, bari ta je ta duba tukunyar waina kada ƙullu ya kumbura ya zube. Ƙullun da aka riga aka rufe tun la'asar. Ƙannenta biyu suka bi ta. Ba su dawo ba sai da aka koma amada.

Muka fito mu huɗu, doguwar riga da gyale a ƙugu. Baladi muka yi, sannan sa'idi da kara. Da farko shiru aka yi, ana kallon wannan rawa da ba a duƙawa. Da 'Yar Masar ta tsaya wuri ɗaya ta saki karkarwa, kanta ko gezau, sai wata gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. 'Yar Masar ta kare baki da tafin hannu ta mayar mata da irin ta Misirawa, zagaruda, mai kaɗa harshe. Wuri ya kaure. Amarya da ke lulluɓe tana kukan al'ada, na ga kafaɗarta na rawa, dariya take.

An yi mana liƙi. Kaka ta tattare kuɗin duka ta ƙulle a bakin zane, ta ce na makaɗa ne.

Da safe na kai wa Inna kunu, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon wani wuri, ta ce, "An ce jiya an yi ƙura." Na ce an ɗan yi, Inna. Ta ce Allah ya yi albarka, a kai wa Kaka man zafi.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi yau. Mun rufe sai bayan Salla. Ƙawayena na Daura su shirya kuɗin lalle.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun koma, cikin zafin bazara, sai an yayyafa wa ƙasa ruwa kafin a fara. Hutun ya ci karkarwata, ta dawo guntuwa. Sauke ƙugu da lamba takwas, wadda ake juya ƙugu ya zana siffar 8, suna nan. Tafiyar raƙumi, wadda ake bi da ƙirji da ciki a jere kamar igiyar ruwa, har yanzu ba ta zauna mini ba, kuma hannuwana in na mai da hankali kan ƙugu sai su sauko su rataye.

Abubuwa sun sauya tun bikin. Mata shida sun aiko suna son shiga, biyu daga ƙauyen da ke gabas da mu. Wadda mijinta ya hana ba ta dawo ba, amma 'Yar Masar na shiga wurinta ran Laraba, da saninsa. Ustazu kuma yana neman aikin koyar da Larabci a Katsina, in ya samu za su tashi bayan babbar Salla, don haka malama ta ce daga yanzu kowace a cikinmu za ta riƙa jan darasi bi da bi.

Kaka ta kafa sharaɗi kan sababbin. Ta ce hannunta ya fara gajiya, kuma ba za ta riƙa yi wa rawar wasu ƙasa bauta ba alhali nata na mutuwa. Duk mai son ta Masar sai ta zauna rabin lokaci a kan ƙwarya, 'yan mata kuma su koyi shantu. 'Yar Masar ta ce lokacin ba zai isa ba, tsakanin la'asar da magariba ne fa. Kaka ta ce to a rage dum-tak. Ba su gama ba har aka kira salla.

Shantu dai babu ko ɗaya a garin, an bincika gida-gida. Na ba direban da ke zuwa kasuwar Mai'aduwa saƙo ya tambaya wurin masu ƙore da ludaya, in babu su gaya masa wanda ke shuka irin duman, mu nemi iri kafin ruwa ya sauka. Ran Asabar mai zuwa ni ke jan darasi, maƙsum da sauke ƙugu, sannan in zauna a ƙwaryar ruwa.